Gaiwa, Laka da Abin da Muka Zuba a Kududdufi

A makon da ya gabata, bayan mun tashi daga darasi, wata ɗaliba ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta miƙo mini wayarta. Bidiyo ne na ƙarƙashin teku. Ga fili na farin rairayi, cike da wasu siraran halittu da suka tsaya ƙyam kamar tsiron gero bayan ruwan shuka, duk suna rangaji sun fuskanci gefe guda. Da mai ɗaukar hoton ya matso, sai suka riƙa nutsewa cikin rairayin ɗaya bayan ɗaya, har filin ya koma wayam. Ta ce, "Malam, wai kifi ne. Muna da irinsa a ƙasar Hausa?" Na ce mata babu, tunda ba mu da teku. Ban kai gida ba na gane cewa amsar da na ba ta ta yi gajarta, don haka yau zan cika ta a wannan fili, da fatan mai karatu zai yi haƙuri da ni idan na yi ɗan yawo kafin in iso inda na nufa.

Abin da ta nuna mini ɗan ƙaramin kifi ne mai siffar maciji, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan da ke nufin kifin lambu, saboda yadda taronsa ke kama da shuka. Wanda ya fi shahara a cikin danginsa shi ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda masana ke kira Heteroconger hassi. An yi masa wannan suna a 1959 don girmama Hans Hass, wani ɗan ƙasar Ostiriya da ya yi fice a nutso da ɗaukar hoton ƙarƙashin teku. Tsawonsa bai cika wuce santimita 40 ba, kaurinsa kuwa kamar ɗan yatsa. Yana zaune a ruwan ɗumi na Tekun Indiya da yammacin Tekun Fasifik, kuma akwai 'yan uwansa a Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke sauka a gaɓarta a Jidda. Da wutsiya yake haƙa rami a rairayi, sannan ya shafe bangon ramin da majinar jikinsa don kada ya rufta. Daga nan ya sami gida. Yakan fito da rabin jikinsa ya fuskanci inda igiyar ruwa ke tahowa, ya riƙa cafke ƙananan halittun da ta kwaso, kuma da wuya ya bar ramin gaba ɗaya. Tsoro gare shi ƙwarai. A 2020, lokacin kullen korona, masu kula da gidan kallon kifi na Sumida da ke birnin Tokiyo sun lura cewa nasu sun fara mance fuskar mutane, suna ɓuya ko ma'aikaci ne ya gifta, har ta kai an roƙi jama'a su riƙa kiran bidiyo suna nuna wa kifayen fuska. Duniya kenan, wani na neman abin kai wa baka, wani na yi wa kifi sallama ta waya.

To, batun rami da majina shi ya tsaya mini a rai, domin na san wani kifi da ke yin haka, kuma ban gan shi a waya ba. Na gan shi a hannun kawuna, a wata fadama da ke yankin Sunke ta ƙasar Anka, ina yaro.

Lokacin bazara ne, ƙasa ta tsage, zafi ya kai inda kare ba ya haushi. Kawu ya ɗauki fartanya da sanda ya ce in biyo shi mu kamo kifi. Na duba gabas da yamma ban ga ko ɗigon ruwa ba, na ɗauka zolaya ce irin tasa. Muka shiga tsakiyar busasshen tafki yana tafe yana duban ƙasa, yana ƙwanƙwasa ta da sanda. Can ya tsaya a kan wata 'yar kafa da ba ta fi a zura yatsa ba. Ya durƙusa ya kara kunne, ya ɗago ya ce, "Ɗan nan, tana ciki." Ya sara ƙasa a hankali kamar mai tonon rogo, kimanin kamu guda, ya ciro wani curin laka ya fasa shi. A ciki ga wata aba a naɗe, ta rufe kanta da wutsiyarta, an lulluɓe ta da wata fata mai ruwan ƙasa kamar busasshen ganyen taba. Ya taɓa ta, ta yi wani gurnani da ya sa na ja da baya. Ya yi dariya ya ce, "Gaiwa kenan. Kiyayi bakinta, ba ta cizo ta saki." Da muka koma gida aka saka ta a kwatanniyar ruwa, kafin la'asar ta warware tana iyo kamar ba ita ce ta yi watanni a ƙarƙashin ƙasa ba.

Gaiwa ba dangin wancan kifin teku ba ce, siffa ce kawai ta haɗa su, da kuma dabarar zama a rami. Masana suna kiranta Protopterus annectens, kuma masanin halittu ɗan Ingila, Richard Owen, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1839. Wasu masunta na ce mata mai mama, saboda siraran gaɓoɓi huɗu da ke reto a jikinta kamar zare a inda sauran kifaye ke da fiffike. Takan kai tsawon mita guda. Iri shida ne kacal na kifi mai huhu suka rage a duniya: huɗu a Afirka, ɗaya a Kudancin Amurka, ɗaya a Ostireliya. Tamu ta Afirka ta Yamma tana cikin huɗun nan, kuma tana nan a fadamun gulbin Zamfara da gulbin Ka da gulbin Sakkwato, har zuwa Kwara da tafkin Cadi.

Na ce mai huhu, kuma huhu nake nufi na gaske, guda biyu. Gaiwa kifi ce da za ta mutu a cikin ruwa idan aka hana ta leƙowa sama ta shaƙi iska. Wannan ne ya ba ta ikon zama a ruwan da ya ɗumame ya ruɓe, wanda karfasa da ƙurungu ba za su kwana a cikinsa ba. Idan kaka ta wuce ruwa ya fara ja, sai ta nutsa kai cikin laka tana cizo tana fitar da ita ta kafofin gefen wuya, har ta yi wa kanta ɗaki. Ta naɗe, kai na duban sama. Majinar da jikinta ke fitarwa ta bushe ta zama kwanson da ke hana ta ƙafewa, sai 'yar ƙofa ɗaya daidai bakinta, wadda iska ke biyowa ta ramin da ta shigo. Daga nan komai na jikinta ya lafa. Bugun zuciya ya ragu, numfashi ya yi nisa da juna, ci da sha su tsaya cak. Fitsari ma ba ta yi. Gubar da kifi ke zubarwa cikin ruwa kullum, ita sai ta juya ta zuwa wani sinadari mai sauƙin illa ta tara a jiki, har ranar da ruwa zai dawo ta wanke. Wannan ne ya ja hankalin Homer Smith, masanin aikin ƙoda ɗan Amurka, ya zo Gabashin Afirka neman 'yar uwarta ta tafkin Biktoriya, ya kuma rubuta littafi a kanta mai suna Kamongo a 1932. A ɗakin gwaji an ga kifi mai huhu ya yi fiye da shekara uku a wannan hali, aka zuba masa ruwa ya tashi.

Hausawa kan ce gaiwa jikinta take ci, har a kan kwatanta mutumin da ke cinye jarinsa da ita. Da ina ƙarami na ɗauka wutsiyarta take gutsira, saboda yadda ake samun wutsiyar a kan bakinta. Ashe maganar magabata ta fi haka zurfi. Naman jikinta ne ke narkewa a hankali ya zama abincin da ke riƙe da ranta, shi ya sa wadda aka tono a ƙarshen bazara ta fi ramewa a kan wadda aka tono da sanyi. Mutanen da ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba sun gano wannan da ido da haƙuri, suka adana shi a cikin magana guda. A 2021 kuma masu bincike suka wallafa taswirar ƙwayoyin gadonta, aka ga ta ninka ta ɗan Adam kusan sau goma sha uku. Wannan aba da muke tonowa da fartanya mu yi banda da ita, a manyan jami'o'in duniya ana kashe maƙudan kuɗi don a fahimce ta.

Da damina ta sauka kwanson ya jiƙe, sai ta fito da yunwar wata shida ko bakwai. Haƙoranta faranta ne masu ƙarfi na murƙushewa, don haka abincinta katantanwa ne da ƙaguwa da kwaɗi da ƙananan kifaye da tsutsotsin laka. Namijin ne ke haƙa gurbi a cikin ciyawar bakin ruwa, shi ke gadin ƙwai, yana kaɗa wutsiya don ruwa ya riƙa sabunta a kansu. Mai karatu ya riƙe wannan: a laka take kwana, a laka take haihuwa, abin da ke cikin laka take ci.

Yanzu na iso inda na nufa. Duk wanda ya san Sunke a wajen Zamfara, a 2010 ya san ta. A farkon shekarar nan agwagi suka fara ɓacewa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ba wanda ya mai da hankali. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta riƙa ba da wannan labari daga baya a matsayin gargaɗin da ya wuce ba a karanta ba. Bayan agwagi sai yara. Amai, ciwon ciki, jijjiga, sai kabari. A watan Maris likitocin ƙungiyar MSF da ke zagayen duba sanƙarau suka ga sababbin kaburburan yara sun yi yawa, aka ɗebi jini aka kai gwaji, aka gano gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, mutane sun koma haƙar dutse, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ana kawo shi cikin gari, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a daka a turmi a tsakar gida, ƙura ta bi ɗaki da kwano da hannun mai rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu, dubbai suka kamu. Sunayen garuruwan sun zama kamar jerin ta'aziyya: Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, Sunke, sai Bagega, wadda ta jira har 2013 kafin a share ta.

An yi aiki, kuma ya kamata a faɗa. Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da ma'aikatan jiha da mutanen garuruwan da kansu, sun kankare saman ƙasa a gidaje da filaye, aka kwashe fiye da kubik mita 27,000 aka binne, aka zubo sabuwa. Aikin ya taɓa wasu kududdufai ma. MSF ta yi shekaru fiye da goma tana ba yara maganin da ke tsamo dalma daga jini. Mace-mace suka ragu ƙwarai. Wanda ya ga 2010 da idonsa ba zai raina wannan ba.

Sai dai niƙa rabin aikin zinare ne. Ɗaya rabin wanki ne, wanki kuwa sai da ruwa, ruwan da ke kusa kuma shi ne kududdufin bayan gari da tafkin fadama da bakin rafi. Nan ake tsame garin dutse a kwano, a zubar da tsaki, a zuba zaiba ta kama zinaren, a ƙona ta ta tashi. Tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta zo a ƙarshen 2010 ta sami dalma mai yawa a ruwan kududdufai, ta kuma sami zaiba a iskar wuraren aikin. Dalma ƙarfe ce mai nauyi. Ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, rana ba ta cin ta. Idan ta shiga ruwa ƙasa take yi ta kwanta a laka, ta zauna nan har sai an kwashe ta ko ambaliya ta ɗauke ta ta kai wa na gaba. Zaiba ta fi ta makirci, domin ƙwayoyin halittar da ke cikin laka suna juya ta zuwa wani nau'i da ke shiga nama ya zauna. Tsutsa ta ɗauka, ƙaramin kifi ya ci tsutsa, babba ya ci ƙarami, a kowane mataki tana ƙara taruwa. Haka aka yi a garin Minamata na Japan, inda aka gano cutar a 1956 a jikin iyalan masunta, kuma da sunan garin aka kira yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2018.

Sai mai karatu ya haɗa lissafin da kansa. Ga kifi mai daɗewa a duniya, mai cin katantanwar laka da kwaɗi da ƙananan kifaye, mai kwana rabin shekara a cikin lakar da tsakin dutse ya kwanta. Ga kuma talaka da ke tono shi a bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma nama ya fi ƙarfin aljihu, ya kai gida a yi miya, mai ciki ta sha, mai goyo ta sha, yaron da aka yaye ya tsotsi ƙashi. Zaiba da dalma duka ƙwaƙwalwar ɗan tayi da ta ƙaramin yaro suka fi yi wa illa, kuma illar ba ta warkewa. Wannan lakar dai ita ake haƙa a buga tubali a gina ɗakin amarya, a yi yaɓe, shanu da awaki su sha ruwan da ke kanta.

Kada a fahimce ni a kan cewa ina kiran a daina cin gaiwa. Wanda ya ce wa mai yunwa ya bar abinci ba tare da hujja ba, ya zalunce shi, kuma fadamun Gummi da Bukkuyum da Anka suna da faɗi, da yawansu ba a taɓa wanke dutse a cikinsu ba. Abin da nake kira shi ne a auna. Muna da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa a Sabon Bussa. Muna da masana kifi da na kimiyyar sinadarai a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau. Ɗebo laka da naman kifi daga tafkuna ashirin ko talatin, a rani da damina, a gwada, a rubuta sakamakon da Hausa a kai wa hakimai da sarakunan ruwa da limamai, a ce wannan tafki lafiya lau, wancan a kiyaye shi, wannan aiki ne da bai kai kuɗin motar babban jami'i guda ba. Kuma gaiwa ta dace da wannan awo fiye da yawancin kifaye, saboda dalilin da ya sa kifin lambu ya zama abin kallo: ba ta da yawo. Tarwaɗa takan bi ambaliya ta yi nisa, ba ka san inda ta yi kiwo ba. Gaiwar da aka tono a tafki kuwa ta yi watanni a wannan lakar, don haka jikinta shaida ne a kan wurin.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, haƙar zinare ba tarihi ba ce. Gwamnatin Tarayya ta haramta ta a Zamfara a watan Afrilun 2019 saboda matsalar tsaro, amma kowa ya san ramuka ba su rufe ba, hannun da ke karɓar kuɗin ne ya sauya. A watan Disambar 2024 Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya sanar da ɗage haramcin. Tun kafin nan mun ga abin ya maimaita kansa a 2015 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, inda yara 28 suka rasu. Darasin da aka koya wa jama'a a 2010 shi ne a fitar da niƙa daga cikin gida, kuma darasi ne mai kyau. Amma idan an fitar da shi daga gida, ina aka kai shi? Bakin ruwa. Mun tsare tsakar gida mun tura abin fadama, inda ba jami'in da ke zuwa duba. Sannan ga ambaliya, irin wadda ta ci Gummi a watan Agustan 2024. Ruwan da ya haura gaɓa ba ya tambayar wace laka ce mai tsabta, duk wadda ya tarar kwasa yake ya shimfiɗa a gonakin shinkafa na ƙasa.

Akwai wata asarar kuma da ba a auna ta da na'ura. Kawuna ya rasu, Allah Ya jiƙansa, kuma cikin 'ya'yansa babu wanda ya iya kara kunne a ƙasa ya ji kifi. Ɗalibata ta san sunan kifin da ke Tokiyo, amma da na ambaci gaiwa washegari sai ta tambaye ni ko tsuntsuwa ce. Ban ga laifinta ba. Littattafan kimiyyar da muke koyarwa da su sun fi kawo misali da halittun wasu ƙasashe, alhali a bayan makarantar akwai halittar da za a koyar da numfashi da aikin ƙoda da jure fari da ita a darasi guda. Sarkawan Kabi da masuntan gulbin Zamfara suna da sunan kowane kifi da lokacinsa da makwancinsa, kuma tsofaffin da ke riƙe da wannan sani suna ƙarewa, wasu a sansanin gudun hijira, nesa da ruwan da suka sani.

Daren jiya na kira wani ɗan kawun nawa da ke can har yanzu, na tambaye shi ko ana tonon gaiwa bana. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, wa zai shiga fadama yanzu? Ko gona mai nisa an bar ta." Ya ce tafkin da muka je da Kawu yana cikin dajin da ba a taka shi, gaiwa na can ta yi yawa babu mai damunta. Na ce to yara fa, ina suke samun kifi? Ya ce sai kududdufin nan na bayan gari, shi kaɗai ake iya zuwa a dawo kafin a rufe ƙofa. Na tambaye shi ko ba nan ne ake wankin dutse ba. Ya ce nan ne, har yanzu ma ana yi, ta gefen gabas.